Igiyar Awo a Shekarar Sanƙarau

Tun kuna ƙanana kuke jin maganar nan a bakin 'yan'uwanku na Kuyello, wai ni Mamman na yar da ubana a bakin daji kamar wanda ba shi da gida. Wasunku sun tambaye ni na yi shiru. Wasunku sun tambayi uwarku, ta ce ku bar tone-tone. To, yanzu uwarku ta rasu, Yaya Bawa ya rasu, cikin waɗanda suka tsaya a wurin ranar nan ni kaɗai na rage, ga ido ya fara ba ni wahala. Gara ku ji daga bakina. Abin da na yi na yi shi ido buɗe, kuma da shekarar za ta dawo haka zan sake yi, amma ku sani bai zo mini da sauƙi ba, har yau kuwa yana ci mini rai.

A lokacin ina mai awo a sashen ayyuka na En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, nan Birnin Gwari. Duk wanda zai yi sabon gida, ko ya kafa rumfa a kasuwa, ko ya tsaga hanya tsakaninsa da wani, mu ake kira. Kayan aikina ba su da yawa: doguwar igiyar rama mai ƙulli-ƙulli, da turaku, da guduma. Shugabanmu wani dattijo ne da muke kira Malam Babba, mai ƙaramin jiki da babbar murya. Aikin yana da ƙa'ida guda, kuma ba Bature ne ya kawo ta ba, samun ta ya yi ya bar ta. Ba a kafa turke sai maƙwabci ya riƙe ɗaya bakin igiyar da hannunsa. In ka riƙe an ja an kafa, to ka yarda ke nan, bakinka ya mutu, jikanka ma ba shi da magana. Saboda haka ranar awo ranar taro ce. Mai unguwa zai zo, dattawa za su zo, masu son gulma su zo, a yi ta cacar baki a kan taƙi guda na ƙasa har rana ta take, sannan a raba goro a shafa fatiha. Na sha ganin mutumin da ya rantse ba zai taɓa igiya ba, amma da ya ga idon jama'a a kansa sai ya miƙo hannu yana ƙunƙuni.

Gidanmu kuwa, kun san shi, tsohon gida ne. Bayan ɗakin Baba akwai wata bishiyar kanya, a gindinta kakanmu yake kwance, don a zamaninsu maigida a gidansa ake binne shi. Baba da kansa yake share wurin, ba ya barin kowa. Ya sha nuna mana gefen, ni da Yaya Bawa, ya ce nan ne nasa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wannan ba na musunsa, mutanen Kuyello sun faɗi gaskiya.

Ciwon sanƙarau ya shigo da bazara, lokacin da zafi ke hana mutum numfashi. Yaro zai ce kansa na ciwo da safe, kafin la'asar wuya ya sandare, ya daina gane uwarsa. Aka fara jin labari daga wajen Kazage, kafin mu ankara ya shigo unguwar majema. Sai umarni ya zo daga sama: a rufe kasuwa, a hana kowane irin taro, mutane su riƙa kwana a tsakar gida, a fasa taga a kowane ɗaki, wanda ya kamu a fitar da shi bayan gari inda malamin asibiti zai duba shi. Ni na ɗauka aikinmu ya tsaya ke nan, tun da awo ba ya yiwuwa sai da taro. Har na naɗe igiyata na rataye. Malam Babba ya aiko a kira ni, na same shi ya fitar da tabarmarsa daga zauren ofis ya shimfiɗa a gindin tsamiya, ya sa an ja layi a ƙasa da sanda, mai magana da shi ba ya ƙetare layin.

"Wa ya ce ka rataye igiya?" in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an hana taro. Wa zai riƙe mini?"

Ya ce, "An hana taro, an hana riƙe igiya ne? Je ka samo wata ka ɗaura a kan taka. In ta yi tsawo, mai riƙewa yana can, kana nan. Kai dai Mamman, kanka kullum sai an tura shi."

Haka kuwa muka yi. Na haɗa igiya biyu, wani lokaci uku. Maimakon a tara unguwa, mai unguwa ya kira maƙwabci shi kaɗai, ya tsaya can nesa ya ɗauki bakin igiyar, ni in ja daga nan, in ɗaga murya in ce ka yarda? Shi ma ya ɗaga murya ya ce na yarda, mai unguwa yana ji daga bakin ƙofarsa. Goron ma ba hannu da hannu ba, a ƙoƙo muke ajiye shi a gindin turke, in mun matsa ya zo ya ɗauka. Abin mamaki, gardama ta ragu. Ashe rabin rigimar iyaka don 'yan kallo ake yin ta. Da irin wannan awo muka warware kasuwa, tun da mutane ba za su zauna da yunwa ba: muka fitar da masu hatsi da masu nama da masu nono zuwa fili, kowace rumfa igiya guda tsakaninta da 'yar'uwarta, mai saye ya saya ya wuce, ba zama. Matan Fulani suka yi ta yi mini tsiya, wai na sa su sai sun yi ihu kafin su gaisa.

Fasa taga shi ne ya fi ba mu wahala. Mutanenmu ba su saba ba. Wani ya ce ɓarawo zai leƙo, wani ya ce idon maƙwabta, wata tsohuwa ta ce iska za ta shigo mata, kuma ba iskar da muke nufi take nufi ba. Ni nake zana wurin da gawayi, magina su fasa. Da na zo gidanmu Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya dube ni, ya dubi gawayin.

"Ɗakin nan ubana ya gina shi," in ji shi. "Ya kwana a ciki har ya tsufa bai shaƙe ba. Yanzu kai da ka ci tuwon En'e ka fi shi sanin iska?"

Na ce, "Baba, in na tsallake namu, gobe da wane ido zan shiga gidan wani?"

Ya ce, "Fasa. Amma ƙarama."

Aka fasa ƙarama. Washegari na leƙo na tarar ya cusa tsohon buhu ya toshe ta tsaf. Na cire, ya mayar. Na sake cirewa, ya sake mayarwa, har abin ya zama wasa tsakaninmu. Yaya Bawa dai bai ɗauke shi wasa ba. Shi ne babba, shi ke noma gonar gida tare da Baba, kuma tun ranar da na shiga aikin En'e yake ganin na zama bakin wasu a cikin gida. Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai riƙo, abin da ubansa ya faɗa shi ne doka a wurinsa.

Babban aikin da aka ba ni shi ne fitar da wurin marasa lafiya. Muka zaɓi wani tudu a bakin daji, gabas da gari, inda akwai inuwar ɗorawa da rafi kusa. Gefensa burtali ne, hanyar shanu, don haka maƙwabcin wurin Arɗon Fulani ne. Ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya riƙe igiya daga can nesa, ya ce ya yarda, in dai za a bar wa shanu hanyar ruwa. Aka bar musu. Muka kafa rumfunan zana a jere da tazara, muka kewaye da igiya a kan turaku. Masu kawo abinci su ajiye a bakin igiya su koma, mai jinya guda ɗaya ake bari ya shiga, in ya shiga kuma ya zauna ke nan. Can ƙasa da tudun na auna maƙabarta. Dokar ita ce, wanda ya cika a wurin a wurin za a yi masa sutura, liman da 'yan mutane kaɗan su sallace shi, a rufe shi nan. Dalili a fili yake. In aka ɗauki makara aka ratsa gari, babu ɗan dokar da ya isa ya hana jama'a bin ta, daga nan sai zaman makoki, ɗaki cike, kwana da kwanaki. Tun da ni na ja igiyar, ni aka ɗora a bakinta tare da ɗan doka guda.

Cikin waɗanda na fara mayarwa akwai Malam Iro majemi, maƙwabcinmu ne katanga ɗaya, sa'an Baba. Ɗansa Ɗanjuma, saurayi ne da ya fara taya shi jima, shi kaɗai ne namiji a gidan. Da yaron ya kamu aka kawo shi tudun ya cika, Malam Iro ya zo bakin igiya da tsakar rana, ba hula a kansa. Dattijon da ya goya ni ina yaro ya durƙusa mini.

"Mamman, don girman Allah. Ba taro zan yi ba. Uwarsa ta gan shi kawai, in sa shi kusa da gida."

Na ce, "Baba Iro, tashi. Wallahi ba zan iya ba."

"Kai ne fa ka ja igiyar nan. Wanda ya ja ai shi ke ɗagawa."

Na ce, "Shi ya sa ba zan ɗaga ba."

Bai zage ni ba. Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa, ya karɓi fartanya a hannun masu haƙa ya gangara da kansa. Daga ranar, in mun haɗu a ƙofar gida sai ya kau da kai. Kuma kullum yana bakin tudun nan, ya zama cikin masu haƙa kabari, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi.

Ana cikin haka Baba ya kwanta. Uwarku ce ta aiko mini, lokacin tana goyon babbanku. Na tarar da shi a ɗaki, buhun nan a cushe a taga, wuya ya riga ya ƙage. Ba na cewa tagar ce, kada wani ya ɗora mini wannan magana. Masu manyan tagogi ma sun kamu. Ni da Yaya Bawa muka ɗauke shi a kan ƙyaure muka kai shi tudu, kuma a nan ba mu yi musu ba, don shi ma ya ga waɗanda farar ƙwayar malamin asibiti ta tayar. Gwaggonmu ta shiga jinya. Ni ina bakin igiya, ina hangen ƙafafunsa daga ƙarƙashin zana. Na so a ce ya farfaɗo ko na ɗan lokaci, in tambaye shi, ya ce mini Mamman yi abin da aikinka ya ce. Da na samu wannan da na huta. Ban samu ba. Ciwon ya toshe masa kunne ya ɗaure masa baki, ya cika da hantsi bai ce da kowa komai ba. Saboda haka maganarsa ta ƙarshe a kan makwancinsa ita ce ta gindin kanya, kuma na san da haka lokacin da na yi abin da na yi.

Kafin azahar sai ga Yaya Bawa da makara, da abokan nomansa a bayansa. Ya riga ya sa an fara haƙa a gida. Ɗan dokar ya dube ni ya ja gefe. Na gane nufinsa: uban mai awo ne, in na kau da kai shi ma zai kau da nasa. Malam Babba ba ya nan, Bature ba ya nan. Babu abin da ya tsaya tsakanin Yaya da Baba sai igiyar rama da ni.

"Ɗaga," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ba a gabanka ya nuna wurin ba?"

"A gabana ne."

"To ɗaga mana! Ko sai na je na roƙi Bature ya ba ni gawar ubana?"

Na ce, "Yaya, kowa a garin nan ya san Baba. In makarar nan ta shiga gari, kai ka san ba mu kaɗai za mu bi ta ba. Kuma na mayar da mutane daga nan. Na mayar da wanda ya durƙusa mini."

Ya ce, "Su ubanninka ne?"

Na dafa turke. In ce muku ban ji tsoro ba ƙarya ne. Ba dukansa nake tsoro ba. Ina jin muryar Baba a kunnena yana cewa nan ne nawa. Na ɗaga kai, sai na ga Malam Iro tsaye a gangaren da fartanya a kafaɗa, yana kallona. Na san in na ɗaga igiyar nan, gobe babu wanda zai bar nasa a tudu, kuma dattijon nan zai san cewa ɗansa ya kwana a bakin daji ne don ubansa majemi ne ba mai awo ba. Na ce da Yaya ba zan ɗaga ba. Ya ajiye makarar a ƙasa a hankali. Ya ce, to ka binne abinka, tun da ya zama na En'e. Ya juya, mutanensa suka bi shi.

Layin da ake binnewa ya cika, sai an ja sabo. Na ɗauko igiya na tsaya, babu mai riƙe mini ɗaya bakin. A ƙa'ida ɗan mamaci ne ya kamata ya riƙe, ga shi Yaya ya tafi. Ina nan tsaye kamar wawa, sai na ji igiyar ta miƙe. Malam Iro ne ya sunkuya ya ɗauka.

"Matso da ita nan," in ji shi. "Sa shi daidai kan Ɗanjuma. Shekara nawa muna katanga ɗaya, ba yau za a raba mu ba."

Wannan ce maganar farko da ya yi mini tun ranar da na mayar da shi. Shi ya haƙa, ni na taya shi. Liman ya sallata, mu kaɗan a bayansa. A nan kakanku yake, kuma ba yar da shi aka yi ba.

Da ruwan farko ya sauka ciwon ya ɗauke, kamar yadda ya saba. Aka kwance rumfuna aka ƙone zanan, kasuwa ta koma wurinta, Malam Babba ya mayar da tabarmarsa zaure. Doguwar igiya dai ba mu yar da ita ba, mun ci gaba da amfani da ita duk inda muka ga maƙwabta biyu ba sa ga-maciji. Yaya Bawa ya cike ramin gindin kanya da hannunsa, ya jira aka yi girbi, ya kwashi iyalinsa ya koma Kuyello wajen dangin matarsa. Bai nemi rabon gida ba, bai yi sallama ba. Na bi shi da Sallah, ya sa aka ce ya tafi gona. Na aika da goron sunan biyu daga cikinku, aka karɓa, ba a zo ba. Bayan shekaru wani likita ya ce mini gawar mai sanƙarau ba ta cika yaɗa ciwon ba, cunkoson masu rai ne ke yaɗa shi. Na ce na sani, ai ba Baba na tsare ba, taron da zai bi shi na tsare. Ya gyaɗa kai. Amma ranar ban iya cin abinci ba.

Sau ɗaya na sake ganin Yaya ido da ido. Ana dab da Turawa su tafi, gari ya tsawaita ya doshi tudun nan, masu neman fili suka fara cin gefen maƙabartar, turakun da na kafa gara ta cinye su. Aka ce a sake fitar da iyaka. Maƙwabtan maƙabarta kuwa su ne masu mutane a cikinta, su za su riƙe igiya. Malam Iro ya riga ya rasu. Na aika Kuyello da saƙon baki, don ƙa'ida ta ce in aika, ban sa rai ba. Ranar awo ina tsugune ina fere turke, sai na ga wani tsoho ya jingina keke a jikin ɗorawa. Gemunsa ya yi fari, tafiyarsa ta zama ta Baba sak, ashe Yaya ne. Bai gaishe ni ba. Ya tambayi mai unguwa ina ne wurin, mai unguwa ya nuna ni, ya ce ni kaɗai na sani. Na taka na nuna masa da hannu. Ya daɗe a tsaye yana motsa baki. Sannan ya wuce can gefen da masu fili suka fi ci, ya sunkuya ya ɗauki bakin igiyar, ya naɗe a hannunsa.

"Ja sosai, Mamman," in ji shi. "Kada a ci wa Baba wuri."

Na ja. Na ɗaga murya kamar yadda na saba, na ce ka yarda? Ya ce na yarda. Na kafa turken, na ajiye masa goro a gindinsa. Ya zo ya ɗauka ya sa a aljihu, ya hau kekensa ya kama hanyar Kuyello. Bai shiga gidana ba, bai sha ruwana ba, kuma ban sake jin muryarsa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu kun ji. In kun je Kuyello ku gaishe su da kyau, kada ku yi musu da su, ubansu yana da gaskiyarsa. Ni kuwa in tawa ta zo, kada wanda ya dubi gindin kanya. Ku kai ni tudu. Layin da ke ƙasa da na Baba akwai sauran wuri, ni na auna shi.